Makon Da Na Koyi Kallon Baba

Shekara biyu da gama jami'a, ina gida ina taya Baba cirar gyaɗa, sai wata cibiyar gwajin iri a ƙasar waje ta amsa takardata ta neman aiki. Ban ce na fi kowa ba. Wataƙila masu neman ne ba su da yawa. Suka ce za a yi mini tambayoyi ta bidiyo ranar Laraba da hantsi.

A ƙauyenmu, can gefen Ɗanbatta, waya ba ta kama sabis sosai sai a kan soron zaure. Na hau da tabarma, na jingina wayar da bulo. Kwana uku na yi ina bitar amsoshi, har da na tambayoyin da ba na zaton za a yi.

Da hoton ya buɗe, sai ga dattijo, kansa duk furfura, sa'an Baba ko ma ya girme shi. Ban san lokacin da na sunkuyar da kai ba. Haka na yi ta ba da amsa, idona a kan tabarma, kamar ina gaban liman. Ina jin amsoshin ba su yi muni ba. Can sai ya dakata, ya tambaye ni ko akwai takardar da nake karantawa a cinyata. In haka ne, in ji shi, gara mu tsaya a nan.

Na juya wayar na nuna masa: tabarma ce kawai, sai gyaɗar da Inna ta shanya. Na yi masa bayani cewa a wurinmu yaro ba ya zuba wa babba ido. Sai ya ce aikin na tsayawa gaban mutane ne. Zai sake kirana bayan mako guda, kuma fuskata yake so ya gani.

Na iske Baba a gona na gaya masa. Ya ajiye fartanya yana dariya.

"Wato ladabin da na koya maka ne zai hana ka aiki? To zo nan, kalle ni."

"Haba Baba, ai ba zan iya ba."

"Kalle ni, malamin gona! Ka fi sanin takalmina a kan fuskata."

Kullum bayan la'asar muka riƙa zama a zaure. Shi ne mai tambaya: me ke sa gyaɗa kuturta, yaushe ake zuba taki. Da zarar kaina ya yi ƙasa sai ya buga sanda a ƙasa. Inna ta leƙo ta ce, "Yau kuma rashin kunya ake koyarwa a gidan nan?"

A rana ta uku na lura da wani ɗan tabo a saman girarsa ta hagu. Ya ce ƙahon bijimi ne ya yanke shi, tun yana saurayi. Duk tsawon rayuwata ban taɓa ganinsa ba.

Laraba ta zagayo, na kalli dattijon. Ba zan ce ban ƙifta ba, amma na kalle shi har muka gama, kuma suka ɗauke ni.

Yanzu duk Juma'a nakan kira gida ta bidiyo, Baba ya hau soron nan a hankali. Muna fara gaisawa kaina yake komawa ƙasa da kansa, sai in ji muryarsa:

"Ɗago mana! Ba don in ga hularka na hau soro ba."