Yadda Na Ci Iyakar Gonar Malam Bukar a Kwamfutar Baba Safiyo

Ba zan faɗi sunana ba, domin kunyar da mahaifiyata ta sha a kaina ta isa haka. Ni haifaffen Haɗeja ne, kuma kafin abin da zan ba ku labari ya faru ban taɓa ɗaukar ko allurar wani ba. Ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa, ina da mata da 'ya ɗaya. Ciwona guda ne, sa ido a kan abin mutane. In abokina ya wuce a kan sabon babur, ranar ko tuwo ba ya yi mini daɗi.

Duk wanda ya san fadamarmu ya san halin kogi. In ya cika da damina sai ya shafe gonaki, in ya janye sai ka tarar da fili sumul, ba turke, ba wata alamar inda gonar wane ta tsaya. Da can duk shekara sai an yi rigimar iyaka. Wanda ya kashe wannan wuta a ƙauyukan gefenmu wani dattijo ne da muke kira Baba Safiyo, aminin marigayi mahaifina. Da ya yi ritaya daga aikin awon ƙasa, sai ya riƙa bi gona-gona yana auna wa mutane kyauta, yana adana awon a kwamfutarsa ta gida. In ruwa ya janye, sai a zo zaurensa ya buga wa mutum takarda, a je a kafa turke. Bulama, wato mai garin, ba ya jayayya da takardar Baba.

Ana nan sai hawan jini ya taɓa masa hannun dama, ya zama yana rawa. Wata safiya ya aiko a kira ni. Na tarar da manoma uku a zaure suna jira, shi kuma yana ta fama da kalmar sirri, in ya nufi wannan harafi sai yatsa ya faɗa kan wancan.

"Ɗana, abar nan ta raina ni," in ji shi. "Sau shida ke nan tana cewa ba ni ba ne."

Na ce, "Baba, akwai dabara. Zan saita ta yadda da ka kunna za ta buɗe da kanta."

Aikin bai kai minti biyar ba. Na shiga wurin da ake tsara masu amfani da kwamfutar, na cire alamar da ke tilasta a rubuta kalmar sirri, na juya baya ya lallaɓa ya shigar da kalmar sau biyu, muka kashe muka kunna. Sai ga ta ta buɗe ba tambaya. Baba ya yi dariya har da tafi, ya ce, "Wato yanzu ta san ni ke nan!" Na san abin da ya kamata in faɗa masa: ba ta san kowa ba, duk wanda ya danna maɓallin zai shiga. Kalmomin suna bakina, na haɗiye su na taya shi dariya. A lokacin ban ƙulla komai ba, amma na ji daɗin sanin abin da shi bai sani ba.

Ni ɗan gida ne, ba mai tambayata in na shiga. Ranar Juma'a Baba yakan tafi masallaci da wuri don ya sami sahun gaba. Sai in leƙa in ce da matarsa, "Hajiya, zan duba wa Baba cajin kwamfuta." Ta amsa daga tsakar gida, "Allah ya yi maka albarka." Da farko kallo kawai nake yi, in ga gonar wane ta fi ta wane. Daga nan na fara sakin baki a shago. Wani mai neman sayen gona ya tambaye ni girman wata, na duba na gaya masa, ya aiko mini da ƙullin busasshen kifi. Na ce a raina, ai ban cuci kowa ba.

Maganar ta kai kunnen wani alhaji mai injinan ban-ruwa. Gonarsa ta yi iyaka da ta wani talaka, Malam Bukar, wanda ke noman shinkafa da rani yana kamun kifi da damina. Gonar Malam Bukar ƙarama ce, amma ita ce ke bakin mashigar ruwa, kuma da ita yake ci da mutum tara. Alhajin ya zo shagona da tsakar rana kamar mai gyaran waya, ya jira mutane suka watse.

"Taku arba'in kawai nake so iyakar ta matsa," in ji shi. "Ruwa ya riga ya share shaida. Akwai babur a gidana da ko ledarsa ba a cire ba."

Na ce ina tsoron Allah. Ya ce shi ma haka, ya ajiye makullin a kan teburina ya fita. Kwana uku makullin nan yana cikin aljihuna.

Juma'ar da ta biyo na shiga zauren Baba. Ina jin huɗuba daga lasifika lokacin da na danna maɓallin. Na nemo sunan Malam Bukar, na canza lambobi biyu, na adana, na rufe. Ina fitowa Hajiya ta miƙo mini kofin fura, na sha a tsaye, ban ji ɗanɗanonta ba. Sallar da ban samu ba ke nan ranar.

Da ruwa ya janye aka zo karɓar takardu. Aka kafa turke, bakin ruwa ya koma wajen alhaji. Malam Bukar ya ce atafau, ya ɗauko tsohuwar takardar da Baba ya buga masa shekarun baya, wadda ya adana cikin leda a ƙasan akwati. Takardu biyu, mutum ɗaya ya sa musu hannu, lambobi daban. Bulama ya kasa raba gardamar, magana ta tafi kotu, alƙali ya hana kowa shuka gonar sai an yanke hukunci.

Baba ya tsaya kai da fata a kan kwamfutarsa. Yana cewa, "Duk duniya ni kaɗai na san kalmar sirrin. Ni kuwa ban taɓa komai ba." In haka ne, to Malam Bukar ne ya ƙirƙiri takardar jabu. Mutane suka fara nuna shi da baki a kasuwar kifi. Ni kuwa ina yawo a kan babur, in na hango shi sai in canza hanya.

Ranar zama na uku alƙali ya ce a kawo kwamfutar, kuma Baba zai rantse da Alƙur'ani cewa ba mai iya buɗe ta sai shi. Wa Baba zai ce ya rako shi ya riƙe masa jakar in ba ni ba? Na ɗora ta a kan teburin magatakarda, na koma na tsaya a jikin bango. Baba ya fita yin alwala. Na san in ya rantse, gonar ta tafi, Malam Bukar zai shiga gidan yari, dattijon nan kuma zai ɗauki rantsuwar ƙarya a kansa bai sani ba. Duk da haka ban buɗe baki ba. Addu'ata ɗaya, kada kowa ya taɓa kwamfutar kafin ya dawo.

Magatakarda ya ce bari ya kunna ta ta kintsa kafin mai ita ya shigo. Ya danna. Na zuba wa fuskar kwamfutar ido. Ta yi haske, ta ɗan juya, sai ga sunayen gonaki a fili, mai ita kuwa yana waje yana wanke ƙafa.

Alƙali ya cire tabarau. "Wa ya sa mata kalmar sirrin?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe. Da kanta ta buɗe," in ji magatakarda.

Aka sa magatakarda ya duba ranar da aka taɓa awon Malam Bukar na ƙarshe. Ya karanto: ranar Juma'a, ƙarfe biyu saura kwata. Rabin mutanen da ke wurin sun san inda Baba yake zama a wannan lokacin. Sai ga shi ya shigo, ruwan alwala yana ɗiga daga gemunsa. Alƙali ya ce, "Malam, dakata da rantsuwa. Wa ya saita maka ita take buɗewa haka?"

Baba ya dubi kwamfutar, ya juyo ya dube ni. Bai ambaci sunana ba. Cewa kawai ya yi a hankali, "Ɗana, ashe kowa take buɗe wa?"

Na durƙusa na faɗi komai, tun daga kifin har babur. Alhajin ya ce shi sayar mini da babur ya yi, bai san wata magana ba, kuma ba ni da shaida. Ni aka yanke wa shekara uku.

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin gidan yari ba, wanda ya shiga ya sani, wanda bai shiga ba kada Allah ya kai shi. Abin da ya fi zafin ɗaki da kuɗin cizo ci mini rai shi ne labarin da matata take kawo mini. An mayar wa Malam Bukar gonarsa, amma lokacin shuka ya wuce, sai da ya sayar da kwalekwalensa suka ci abinci a shekarar. Sannan duk wanda Baba ya taɓa raba wa iyaka ya tada tsohuwar rigima, yana cewa wa ya sani ko tasa ma an taɓa. Aikin da dattijo ya yi shekaru yana yi don Allah, ni na rushe shi kafin a idar da huɗuba.

Ranar da na fito ban wuce gida ba sai da na je zaurensa. Ba kowa a ciki sai shi. Na faɗi gabansa ina kuka. Ya ce, "Nawa na yafe, don darajar mahaifinka. Amma ni ba gonata ka ci ba. Tashi ka tafi wurin Bukar."

Na sami Malam Bukar a gona yana gyaran hanyar ruwa. Na yi sallama, na faɗi abin da ya kawo ni. Bai ɗago ba. Ya ce, "Yunwar na manta da ita. Amma wata huɗu 'ya'yana suna jin ana kiran ubansu maƙaryaci. Wannan ban san yadda ake yafe shi ba tukuna. Je ka, in na sani zan aiko."

Samari, musamman ku da Allah ya ba ku sanin waya da kwamfuta, iyayenmu suna miƙo muku su ne don sun yarda da ku, ba su san abin da kuke dannawa ba. In dattijo ya ce ka sauƙaƙa masa shiga, ka yi, amma ka gaya masa gaskiya ƙarara cewa daga yau duk wanda ya kunna zai ga komai. In akwai amanar mutane a ciki, ka ce masa a'a, ku nemi wata hanya. Abin da ba a ce ka duba ba kada ka duba, ko da ba mai ganinka, domin ni ma da kallo na fara. Na tuba ga Allah, ina kuma fatan Ya karɓa. Amma hakkin mutum sai mutum ya yafe. Yau shekara biyu da fitowata, duk wanda ya yi sallama a ƙofar gidana sai in fito da sauri, ina cewa ko ɗan aiken Malam Bukar ne. Har yanzu bai aiko ba.