Gaji da Jirgin da Ya Karkace

Gaji Babarbariya ce 'yar Ajingi, mai sayar da kanwa da daddawa. Ba ta fashin kasuwar Gaya, kuma duk Bafulatanin da ya gifta rumfarta sai ta tsokane shi, irin wasan nan na Barebari da Fulani. Wanda ya fi shan bakinta shi ne Kawu Hadi, Bafulatanin ƙauyen Balan, dillalin shanu, ƙato mai tumbi.

Shekarar da gyaɗa ta yi kyau, ɗanta ya biya mata aikin Hajji. Sai ga Kawu Hadi a jirgi ɗaya da ita, shi a hagu, ita a dama.

Tashinsu daga Kano ke nan, jirgin ya karkata hagu, ya ƙi miƙewa. Wani ma'aikaci ya fito ya ce ƙarfen fiffike da matuƙi ke juya jirgi da shi ne ya cije, za a koma Kano, kowa ya ɗaura bel. Salati ya kaure. Ita ma Gaji ta hau salati don tsoro. Amma da ta hango Kawu Hadi ya jiƙe da gumi, yana ta jan carbi, sai bakinta ya ƙi yin shiru.

"Wane ƙarfe?" ta ɗaga murya. "Ga abin da ya rinjayi jirgi can a hagu! Kai Bafillace, matso tsakiya ka cece mu!"

Bawan Allah ya gaskata, ya hau kiciniyar kwance bel.

"Zauna, Alhaji!" in ji ma'aikacin.

"Bar ni, ɗan nan! Kada alhakin jama'a ya hau kaina!"

Masu kuka suka fashe da dariya, hawaye bai bushe ba.

Matuƙi ya yi ta lallaɓa jirgin yana kewaya gari, har ya dira da shi da ƙarfi, amma lafiya. Sai dai da aka buɗe ƙofa, ƙafafun Gaji suka ƙi ɗaukar ta. Kawu Hadi ne ya kinkimo ƙunshin kayanta, mata biyu suka tallafo ta.

Aka sauya musu jirgi, suka sauke farali. Bayan dawowarsu, Kawu Hadi ya baza a gari cewa goyo aka yi wa Hajiya Gaji wajen saukowa daga jirgi. Har ta tsufa tana rantsuwa cewa da ƙafarta ta sauko, takalminta ne kawai ya tsinke.