Ranar da Na Wanke Takalman Madam

Ni dai ban taɓa ganin sana'ar wahala irin ta Madam ba. Mace ta taso tun daga Filifin, ta ƙetare teku, ta zo Khartum don ta koya wa 'ya'yan manya tsayuwa a kan yatsu, alhali Allah ya ba su tafin ƙafa lafiyayye. Bale suke ce wa rawar. Ba ganga, ba guɗa, sai faifai yana kukan sauro, yara suna miƙe wuya kamar zalɓe.

Shekara shida ina yi mata wanki da guga. Kullum in hau bas daga Alsawra, in haye gada, in tarar da ita tana ƙirga wa yara da Turanci. Ta ce a ƙasarsu mutane tashi tsaye suke yi su tafa mata, kafin gwiwa ta ci amanarta ta koma koyarwa. Na ce Allah ya ƙara. Mu nan wanda ya ga mace ta ɗaga ƙafa sama da kanta salati zai yi.

Sai iyayen yara suka fara gunaguni, wai ta tsufa, ba ta iya abin da take koyarwa ba. Matan da sai an kama su suke hawa mota! Madam ta ce ranar bikin makaranta ita da kanta za ta taka. In ba su gamsu ba su kwashe 'ya'yansu, ta rufe ƙofa.

Saura kwana uku ta fito da takalman rawarta, na ƙarshe da ta zo da su daga gida, ta ajiye a tebur. Na duba, ga dauɗa, ga bakinsu da tauri kamar goruba. Tausayi ya kama ni. Na jiƙa su a ruwan zafi, na sa sabulu, na buga a dutse yadda ya kamata. Ashe tsumma ne aka manne da gam. Suka dawo kamar kisra, wainar nan tamu ta Sudan, ta kwana a miya.

Ta zauna daɓas a ƙasa.

"Hajja, kin kashe ni. Duk Sudan babu irinsu."

"To Madam, wa ya ce ki yi takalmi da koko? Taka ba takalmi mana."

"Da waɗannan?" Ta cire safa.

Ran nan na fara ganin ƙafafunta. Yatsu sun hau juna, farata sun mutu, ko'ina ya yi kanta. Na yi noman auduga a Jazira, amma ban ga ƙafar da ta sha wuya haka ba.

"Mijinki bai taɓa kai ƙara ba?" na ce. Ba ta yi dariya ba. "Miƙo nan. Dama matar aure ba lalle, a garin nan sai a ɗauka takaba kike."

Sau biyu na ɗora mata lallen, na turara da hayaƙi, ya kama baƙi ƙirin. Faratan suka ɓace, na ja zane har idon sawu.

Ranar biki ta fito ba takalmi. Ba ta hau yatsu ba, amma wallahi da ta juya sai da na manta ina riƙe da tire. Su kuwa matan manya, kowa ta gyara lulluɓi ta zuba wa ƙafafun ido. Ana gamawa suka rufe ta. Ko ɗaya ba ta yi zancen rawa ba. "Wa ya yi miki lallen nan?"

Babu wadda ta cire 'yarta. Suka dinga kawo yaran da kansu, su tura su ciki wajen kukan sauro, su zagayo baranda su miƙo mini ƙafa.

Madam ba ta gode mini ba, ni ma ban ba ta haƙuri ba. Da sababbin takalma suka iso, kulle su ta yi a akwati, makulli a wuyanta. Amma duk sanda lallen ya fara koɗewa, sai ta jawo kujera, ta cire safa, ta kau da kai.