Sabulun da Inna Ta Ajiye

Shekarar da soja suka koma bariki na dawo Katsina da zama. Damina ta faɗi ke nan. Duk bangon da ka duba hotunan 'yan takara ne, zaɓe ya wuce ya bar su, ruwa ya jiƙa su sun fara ɓarewa, awaki na miƙa wuya suna cin na ƙasa-ƙasa. In na tuna lokacin yanzu, kamar a barcin rana nake ganinsa: ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, inuwar itacen bedi, rediyo a kowane teburin mai shayi ana ta gardamar abin da farar hula za su yi mana. Kowa na jin an buɗe sabon shafi, har da ni.

Manajan talla nake a wani kamfanin sabulu na Ikko, shiyyar Katsina. Kada sunan ya ruɗe ku, ya fi ofishin girma. Ɗaki ɗaya ne da sito a Kambarawa, da wayar tebur mai aiki ranar da ta ga dama, da tsohuwar a-kori-kura da sai an tura. Ni na nace aka buɗe shi, kuma ina da dalilina. Ina Ikko mahaifina ya rasu. Kafin saƙo ya iske ni, kafin in yini in kwana a mota, an riga an kai shi makwancinsa. Tabarmar zaman makoki kawai na tarar. Tun ranar na ce, in dai da yadda zan yi, ba za a maimaita mini wannan da Inna ba. Ogana ya yarda, amma da sharaɗi: akwai sabon sabulu da za mu fitar domin Arewa, in ya karɓu ofis ya zauna, in damina ta wuce bai motsa ba, in rufe in koma Ikko.

Inna tana tsohon gidanmu na Ƙofar 'Yandaka tare da ƙanwata. Ni ne ɗan fari, saboda haka ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba. Ina zaune a gabanta za ta juya wajen ƙanwata ta ce, "Tambayi wancan ko ya ci abinci." Haka muka saba, kuma wallahi ban taɓa jin ƙaunar da ta kai wannan ba.

Sabulun nan da hannuna a cikinsa tun daga tushe. An tambaye ni abin da mutanenmu ke so, na ce abin gida, irin ganyen magarya da kowa ya yarda da shi. Masu haɗawa suka ƙara kafur, wai don ƙaiƙayi da ƙurajen zafi. Na ce a cire hoton matar nan mai kumfa a kafaɗa da aka saba bugawa a takardar sabulu, mutanenmu ba sa son haka, a naɗe shi cikin farar takarda tas. Aka tafa mini a ɗakin taro. Kai, ranar har tafiyata sai da ta sauya!

Duk abin da aka koya mini a kwas na zuba shi. Na sa aka yi waƙar talla a rediyo. Na daidaita farashi yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya. Na nemi dillalai masu shiga gida-gida, tunda matan da za su yi amfani da shi ba kasuwa suke zuwa ba. Duk inda na ji ana suna, sai in aika da kwali guda kyauta a raba wa mata, a ajiye wa mai jego nata.

A Babbar Kasuwa akwai wani Alhaji mai sayar da sari, abokin mahaifina ne tun suna samari. In ya karɓi kaya, rabin garin ya karɓa. Na tuɓe takalmi na durƙusa, muka gaisa: gida, iyali, gajiya, ruwa, ya jikin Inna, ya muka ji da haƙuri, muka sake komawa kan gida. Sai da gaisuwa ta nuna sannan na miƙa masa sabulun guda. Ya warware takardar a hankali, ya kai hanci. Ya mayar ya naɗe, ya ajiye shi can gefen tabarma, ya shafa tafinsa a jikin riga.

"Allah shi sa albarka," ya ce. "Wanga sabulu ne mai tsarki."

Ni kuwa, sarkin wayo, na tashi ina murna an yaba. Alhaji ya karɓi kwalaye don darajar mahaifina, suka zauna a bayan shagonsa suna shan ƙura. Dillalai suka riƙa dawo da nasu suna cewa kasuwa ce, sai a hankali. Gidajen sunan da na aika wa suka aiko da godiya mai yawa, amma ko mace ɗaya ba ta aiko a saya mata ba. In na tambayi mutum abin da ke damun sabulun, sai ya ce, "Ba komi, lahiya lau yake." Mutanen garinmu ke nan. Ba za su dubi idon ɗan gidan da suka sani su ce masa abinsa bai yi ba, ko da zai kwana yana tambaya.

Wayar tebur kuwa, da ta ji ana nemana da faɗa, sai ta warke sarai. Oga ya riƙa kira yana tambayar kwali nawa ya fita. Gero ya fara fitar da kai a gonakin bayan gari. Tsoro ya kama ni sosai, ba na aikin ba, na hanyar nan mai tsawo tsakanin Ikko da ɗakin Inna.

Da azahar in gari ya yi lumshi nakan shiga sito in zauna kan kwalaye. Ƙamshin ya cika wurin, mai sanyi, mai sa jiki ya mutu. Sau da yawa gyangyaɗi kan ɗauke ni, kuma kusan kullum abu ɗaya nake gani: ina tsaye a ƙofar ɗakin mahaifina, an share shi fes, an naɗe shimfiɗa, hularsa na rataye a ƙusa, ƙasa da ɗan danshi. Sai in farka zuciyata ta yi nauyi. Na ɗauka kewa ce kawai. Ban taɓa tambayar kaina me ya sa a sito kaɗai nake wannan mafarki ba.

Wata la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi ina gidan Inna, ɗakinta ya fara yoyo ta kusurwa. Ta ce wa ƙanwata, "Ce ma wancan ya jawo akwatin nan kada ya jiƙe." Tsohon akwatin ƙarfe ne na ƙarƙashin gado, tun ina yaro ban taɓa ganin cikinsa ba. Ina ja murfin ya buɗe. Farin yadi ne a ninke, da 'yar kwalbar zamzam, da turare. A kan yadin, ga sabuluna guda, wanda na kawo mata da hannuna ranar da kaya suka iso, ko takardar ba a yage ba.

Raina ya ɗan ɓaci. Na ce, "Inna, ashe ke ma ba ki gwada shi ba?"

Ta dubi ruwan da ke zuba daga indararo. Sannan ta yi magana, kuma ba da ƙanwata ba, da ni.

"Na aje ma ranata."

"Wace rana, Inna?"

"Ranar da za a yi mani wankan da ba ni zan yi ma kaina ba. Magarya da kahur. Da su aka wanke mai gidan nan, ba ka nan." Ta gyara mayafinta. "Ka kyauta, ka hutar da mutane neman ganye. Amma mai rai ba ya son jin wanga ƙamshi a jikinshi. Ga shi kuma ka naɗe shi cikin fari."

Inna lillahi! Na zauna a ƙasa, ruwa na ɗiga kusa da ƙafata. Ashe ƙamshin da na tarar a ɗakin mahaifina ke nan, hancina ya riƙe, kaina bai gane ba. Ashe abin da na riƙa aika wa masu jego ke nan, da jariri a hannu! Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa fuskata. Ƙanwata ta toshe baki da gyale, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Washegari na koma wurin Alhaji. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, ashe sabulun wankan gawa na kawo maku." Ya yi salati, ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "To, tunda kai ka faɗa da bakinka!" Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya gaya mini ƙamshin da mata ke nema, da girman da ya fi tafiya a ƙauye, da launin da ke jan ido a farantin talla. Maƙwabtansa suka matso kowa na sa baki. A wannan zama na koyi abin da ya riƙe ni duk tsawon aikina: a garinmu sai ka fara faɗin aibin kayanka da kanka, sannan mutane za su taya ka. Kuma in mutum ya yaba abu yana ture shi gefen tabarma, hannunsa za ka duba.

Fahimtar da oga ya fi komai wuya. Ya ce ƙamshin tsabta ne. Na ce ƙwarai, tsabtar ƙarshe. Na yi ta bayani har wayar ta gaji ta ɗauke, na sake kira. Daga baya ya yarda ya ƙara mini lokaci. Aka kwashe kwalayen aka kai inda ƙamshin ba ya tuna wa kowa komai, aka kawo mana wani mai ƙamshin lemun tsami cikin koriyar takarda. Kafin kaka ta ƙare dillalai na rigima a ƙofar sito. Ofis ya zauna, ni ma na zauna.

Na sha roƙon Inna ta ba ni wancan guda ɗayan in musanya mata da sabo. Ta koma halinta, ta ce wa ƙanwata, "Ce mashi ya bar mani abina."

Shekaru masu dama muka ƙara tare. Kullum in na tashi daga Kambarawa sai na biya Ƙofar 'Yandaka, a tambayi wancan ko ya ci abinci. Ranar da Inna ta cika, da hantsi ne, ina zaune a bakin gadonta. Mata suka shiga yi mata wanka, mu maza muka koma zaure. Da aka gama, ƙanwata ta leƙo ta ce in shigo in yi mata addu'a kafin a fito da ita. Ta kama hannuna ta ja ni, hannunta da sauran danshi. Tun kafin ta ce komai na ji ƙamshin.

"Da naka aka yi," ta ce. "Ita ta ce lalle da na wancan."

A wannan karon ina nan. Ni na kama gaban makara.