Bangon Baba Tanko Mai Gyaran Fitila

A shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wadda a cikinta na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, na yi wa Baba Tanko mai gyaran fitila ɓarnar da har yau nake jin kunyarta.

Ku mutanen Unguwar Sarki kun san halinsa. Kullum bayan magariba sai ya fito da gawayi, ya harari wata, ya zana kamanninsa a bangon shagonsa na bakin hanya. In wata ya makara fitowa, ya tare shi da asuba. A wurinsa watan nan na sama fitila ce da ta rasa mai kula. Baƙin tabon nan na fuskarsa, wai hayaƙi ne. "Gilashin ne ba a goge ba. A ba ni tsani da tsumma, ku ga aiki!" In wata ya fara raguwa, ya ce kananzir ya yi ƙasa.

Ran da hadari ya rufe sama, sai ya dangwala yatsa a bango, alamar yau wata bai zo aiki ba. Matarsa Inna Laraba ta tambaye shi ko korarsa zai yi. Ya ce sai ya sami madadinsa.

Wani akawu ya kawo masa kalanda kyauta. Ya jujjuya ta, ya ce, "Ɗana, takardar nan ta taɓa fita waje ta ɗaga kai?" Da ita ya riƙa naɗe lagwani.

To, ana shirin zuwan Sarauniya, Baba ya tafi Zariya sayen gilashi. Aka liƙa sanarwa cewa duk bangon da ke kallon hanya a shafa masa farar ƙasa. Ita ce takarda ta farko da na karanta da kaina, baƙi bayan baƙi. Daɗi ya kama ni. Don kada duba-gari su dame shi, na ɗauko bokiti na shafe bangon tas.

Da ya dawo, ya daɗe tsaye. Bai zage ni ba. Ya ce, "To, mai karatu, yau nawa ga wata?"

Ban sani ba.

Damina na zuwa ya rasu, bai sake ɗaukar gawayi ba. Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa da hasken da ba ya raguwa.

Inna Laraba ce ta faɗa mini abin da na shafe: shekara tara da rabi, wata ɗari da goma sha huɗu.