Kafaɗar da Ta Rufe Malti

Duk wanda ya kalli finafinan Bombay na wancan zamani ya san fuskar Bishambar Dayal, ko da bai san sunansa ba. Shi ne uban jarumin da ke mutuwa tun kafin 'yan kallo su gama neman kujera. Daga nan sai hotonsa a bango, an rataya masa furanni, jarumi na tsaye a gabansa yana rantsuwar ɗaukar fansa. Da wannan ya ci abinci har furfura ta fito masa ta gaske, masu kwalliya suka huta da shafa masa alli.

Matarsa Malti ta tsani hotunan nan. In an gama fim sai ya kwaso su zuwa ɗan ɗakinsu na unguwar Dadar, ita kuwa ta kife su a ƙarƙashin gado.

"Kowace mace mijinta ya dawo mata da kayan miya," in ji ta, "ni nawa sai hoton makokinsa."

"Ke ma zan kai ki a ɗauke ki, ki daina kishi."

"Yaushe? Tun ina da haƙora kake faɗa."

Ya yi ta faɗa kuwa, bai taɓa kai ta ba.

Akwai wata dabara ta ƙananan 'yan wasa. In an jera su bayan jarumi, da an ce a fara, sai mutum ya matso rabin taku ya karkata kafaɗa, fuskarsa ta shiga hoto. Wanda bai iya ba, kunnensa kawai za a gani. Bishambar ya ƙware har ƙafarsa kan yi abin ba da saninsa ba, kuma yana alfahari da hakan.

Zazzaɓi ya ɗauke Malti da damina. Ranar zaman makoki akan ɗora hoton mamaci a kan tebur da furanni, masu ta'aziyya su zo su sunkuya a gabansa. Bishambar ya jawo duk abin da ke ƙarƙashin gado ya baje a ƙasa. Shi ne, shi ne, shi ne. Matar da ya yi zaman aure da ita tun ƙuruciya ba ta da hoto ko ɗaya. Ya zauna a tsakiyar hotunan ya yi kuka irin wanda bai taɓa iya yi a fim ba.

Can sai ya tuna. Wata rana ta kai masa abincin rana wurin aiki, ana ɗaukar biki, mata ba su isa ba, darakta ya ce ta tsaya kusa da mijinta. Ta yi ta dariya a jirgin ƙasa har suka isa gida.

Ya nufi wajen Pestonji, tsohon da ke tsaron ma'ajiyar tsofaffin finafinai, ya faɗa masa fim ɗin da yake nema. Dada, wato yaya, shi ne sunan girmamawa da kowa ke kiran Bishambar da shi.

"Dada, wancan fim ɗin? Ai ɓera ma ya ƙi cinsa."

"Nemo min shi, don Allah. Tana ciki."

Pestonji ya daina wasa. Ya tono shi cikin ƙura, ya ɗora a na'ura, ya juya a hankali. Ga biki, ga mata. Ga gefen mayafinta, ga hannunta da awarwaro, ta fara juyowa, sai wata kafaɗa ta shigo ta rufe ta. Fuskar Bishambar ta cika wurin, yana murmushi.

"Mayar baya."

Ya mayar.

"Sake."

"Dada," Pestonji ya ce a hankali, "ko sau nawa na mayar, matsowa za ka yi."

Duk da haka ya sa aka wanke masa wurin a takarda. Ranar zaman makoki ya ɗora shi a tebur, ya rataya furannin da hannunsa. Mutane suna shigowa suna kallon juna. Wata tsohuwar maƙwabciya, ƙawar Malti, ta matso ta ƙura wa hoton ido.

"Dada, an yi kuskure. Ai wannan kai ne."

Bishambar ya ɗora yatsa a kan awarwaron.

"Tana nan bayana," ya ce.