Gwiwar Remus, da Tambayar da Ban Samu Yi Maka Ba

Ranar Talata, sha uku ga watan Mayu, ina tsaye a filin atisaye Tanti Profira ta kira ni a waya. Ta ce, "Traian, mijina ya tafi. A lambu ya faɗi, yana ɗaure tumatir." Haka Zaharia Olărescu ya bar duniya yana da shekara saba'in da huɗu, bayan ya buga ƙwallo, ya horar da 'yan wasa, ya kuma yi musu wakilci.

Nea Zaharia, wato Kawu Zaharia kamar yadda muke kiran ka, ba zan ɓoye maka ba. Kafin hawaye ya zo, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne, to wa zan tambaya ranar Asabar? Na ji kunyar wannan tunani, amma ka san halina, ni matsoraci ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina horar da kulob ɗin garinmu, kuma ban taɓa fitar da sunayen mutum goma sha ɗaya ba sai na kawo maka takardar har ɗakin girkinka. Ka sa tabarau, ka duba, ka ce, "Wannan mai tsaron bayan naka, ko kakata ta fi shi gudu." Sai na ji hankalina ya kwanta.

Ranar Lahadi za mu buga wasan ƙarshe na kakar bana. In aka ci mu, mun faɗa rukuni na uku, kuma kowa ya san kulob irin namu in ya faɗa can ba ya dawowa. Remus Tănasă, wanda ya ci mana ƙwallo goma sha huɗu, gwiwarsa ta kumbura tun makon jiya. Likita ya ce da allura zai iya minti casa'in. Shugaban kulob yana so, gari yana so, shi kansa Remus ya roƙe ni har sau uku. Niyyata ita ce in kawo maka maganar.

Na san tarihin gwiwarka, duk da ba ka son ba da shi. Kana da shekara ashirin da shida, babu mai kamo ka a gefen dama, aka yi maka irin wannan allura don wasa ɗaya. Kun ci wasan, kai kuma ba ka sake buga ƙwallo ba. Tun ina ƙarami nake ganin ka kana jan ƙafar dama a titin kasuwa.

Da ka zama mai horarwa, kowace safiyar wasa sai ka durƙusa gaban 'yan wasanka ɗaya bayan ɗaya, ka danna gwiwa da babban yatsa kana kallon fuskar mutum. Wanda ya ɗan yamutsa fuska, benci. Sau biyu ana korar ka daga aiki saboda wannan taurin kai, ba ka daina ba.

Ni ma ka yi mini. Lokacin da kake wakilina, wani kulob na Turkiyya ya neme ni. Har na haɗa akwati, ka danna gwiwata, ka ɗauki waya ka gaya musu sai an yi mini aiki tukuna. Suka fasa. Na ce maka, "Nea Zaharia, ka kashe ni!" Ka ce, "Sannu gawa mai baki. Je ka asibiti." Shekara biyu ban gaishe ka ba, amma duk bikin Ista sai Tanti Profira ta aiko wa mahaifiyata jajayen ƙwai. Yau ina hawa bene hawa huɗu da jikata a wuya, ƙafata ƙalau. Ban taɓa ce maka na gode ba, wannan ma yana cina.

Ranar Alhamis muka kai ka makwancinka. Remus ya nace sai ya kama akwatin gawar. Ina bayansa riƙe da kyandir, daga coci har makabarta, sai na lura da tafiyarsa. Yana jan ƙafar dama, yana ɓoyewa don kada in gani. Tafiyarka ce sak. Aka miƙo mini dafaffiyar alkamar sadaka, na karɓa idona na kan ƙafarsa.

Jiya Juma'a na rubuta takardar sunayen 'yan wasa ni kaɗai. Shugaban kulob ya karanta, ya ce in aka ci mu in nemi wani aikin. Remus ya fita bai kalle ni ba. Ban sani ba ko shi ma zai yi shekara biyu bai gaishe ni ba. Ba na iya cin abinci, kuma ban san da wace fuska zan shiga kasuwa ranar Litinin ba.

Allah ya jiƙan ka, Nea Zaharia, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Allah ya ba Tanti Profira haƙuri, da 'yarka Ilinca, da jikokinka, da dukan waɗanda yatsanka ya taɓa zaunar da su. Mu da ka bari, Allah ya ba mu ƙarfin zuciya.

Gobe da ƙarfe biyar na yamma za a busa usur. Remus zai zauna kusa da ni a benci.